Shadliya da Gonarta ta Cikin Teku

Shadliya ita ce ta huɗu a 'ya'yan Rayis Mabruk, kuma duk huɗun mata ne. Rayis kuwa laƙabin babban masunci ne a can. A watan Oktoba ta zo duniya, lokacin da babu namiji mai lafiya da ke zaman gida a ƙauyen Aulad Yanig na tsibirin Karkana. Uban yana cikin teku, ruwa iya ƙirji, yana kafa rassan dabino, aka bi shi da kwale-kwale aka gaya masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To, miƙo min reshen can." Bai fito ba sai da ruwa ya fara cikowa.

Gonar Rayis Mabruk a cikin ruwa take, kamar ta kowa a wannan gefen. Tana da iyaka, tana da maƙwabta, tana da takarda tun ta kakan kakansa, wadda ake ɓoyewa cikin gwangwani a ƙasan akwatin tufafi. Tekun nan ba shi da zurfi. Sai mutum ya yi rabin awa yana tuƙi, ya dira, ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Duk kaka ake sarar rassan dabino dubbai, a kai su a kafa a laka, reshe jikin reshe, har su zama dogayen shinge biyu masu tsukewa kamar bakin kibiya. Idan ruwa ya fara janyewa, kifi ya bi jikin shinge ya faɗa ɗakunan da ke ƙarshe, daga nan sai kwando. Sharfiya ke nan. Da safe mai gona ya zo ya ɗaga kwandunansa, ya ɗebi manya, ya saki ƙanana. Idan zafi ya shigo a bar teku ya huta, rassan su ruɓe, kaka ta zagayo a sake sabo.

Da Mabruk ya fid da rai da samun namiji, sai ya dubi 'ya'yansa da kyau, ya lura ta huɗun ce ba ta kuka idan ƙayar dabino ta soke ta. Tana da shekara tara ya fara shiga ruwa da ita. Uwar ta yi sati ba ta yi masa magana ba, matan ƙauye suka yi surutunsu suka gaji. Kafin Shadliya ta kai sha biyar ta san inda laka ke riƙe reshe da inda take tofar da shi, kuma tun daga launin ruwa take gane iskar da za ta taso. Tafin hannunta ya yi kaushi kamar bayan itace.

Kowa ya ɗauka masunci za ta aura. Sai ga Munji, mai aski a garin Ramla, ɗan siriri mai ƙamshin sabulu, wanda ko jirgin fito ya shiga zai je birnin Safakis sai ya yi amai tun ba a kwance igiya ba. A kasuwa ya gan ta tana zazzaga wa wani dillalin kifi masifa, ya tsaya yana kallo har ya manta abin da ya fito saye. Bayan kwana uku ya je ya sami uban.

Mabruk ya ce, "Ka iya iyo?"

"A'a, Rayis."

"Tuƙi fa?"

"Shi ma a'a."

"To me ka iya?"

Munji ya ce, "Na iya dafa shayi, na kuma iya jiran mutum ya dawo."

Mabruk ya yi dariya har da tari. Aka tambayi Shadliya, ta ce ta ji ta gani. Shekara talatin da huɗu suka yi tare. Duk ranar da ta dawo daga ruwa tana rawar sanyi, za ta tarar da shayi a kan garwashi, shi kuma ya zaunar da ita ya shafa mata man zaitun a faso, yana ba ta labarin ƙaryar da aka shara a shagonsa ranar. 'Ya ɗaya Allah Ya ba su, Najat, wadda ta ɗauko uban a tsoron ruwa, ta yi karatu, ta zama malamar makaranta a Safakis.

Da Mabruk ya rasu, 'yan'uwanta uku suka ce ta riƙe gonar, su dai a riƙa aika musu da na miya. Maza a shagon gahawa suka ce ba za ta kai kaka biyu ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Rayis Bulbaba, maƙwabcinta na gabas a cikin ruwa, ƙaton mutum mai gashin baki da ƙafa ɗaya da ta ɗan gajarce. Ba mai iya kafa sharfiya shi kaɗai. Gayya ake yi, yau gonar wane, gobe ta wane, mai gona ya ciyar da mutane. Shekarar farko maza goma sha shida suka zo gayyarta, rabinsu don su ga yadda za ta kunyata. Ta shige gabansu tana ja musu layi, ta tumɓuke reshe talatin da Bulbaba ya kafa ta ce a sake.

Ya ce, "'Yar Rayis, ni za ki koya wa aiki? Shingen nan naki ya karkace kamar haƙoran kakata."

Ta ce, "Kakar taka ta fi ka kama kifi, Si Bulbaba, ko da haƙoran nata. Matsa gefe, kana tare min rana."

Da azahar suka ci kuskus da miyar kifi a cikin kwale-kwale, suka lashe hannu. Daga ranar ba a sake maganar kaka biyu ba. Ita da Bulbaba kuwa haka suka shekara talatin suna tsokanar juna daga gona zuwa gona, amma idan iska ta karya mata shinge shi ne farkon zuwa, idan ƙafarsa ta motsa ita ke ɗaga masa kwanduna.

A duk shekara kaka ce lokacin da ta fi so. Baƙin da ke zuwa shan iska sun kwashe kayansu, masaukan bakin ruwa sun rufe tagogi, tsibiri ya koma hannun masu shi. Ɓaure na shanye a kan soro. Amalanken jaki na wucewa da rassan dabino har suna jan ƙasa. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, a shuka sha'ir. Ana gama kafa shinge sai tsinkar zaitun, ana gama wannan sai a jera tukwane a ruwa don karnit, mai hannu takwas ɗin nan da ke shiga tukunya ya ɗauka ɗaki ya samu. Shadliya takan ce a kaka ko ciwon kai ba ya samun wurin zama a jikinta.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Da farko masu jan koma da inji ne suka fara shigowa ruwa mara zurfi, suna kankare ciyawar ƙasa inda kifi ke ƙwai. Sannan wata shuɗiyar ƙaguwa da ba a taɓa sani ba ta mamaye ko'ina, tana datse kwando, tana cinye kifi tun yana ciki. Kwandon da ake ɗagawa da hannu biyu ya koma ana ɗaga shi da yatsa. Samari suka daina shiga gayya. Wasu sun tafi Safakis, wasu sun ƙetara Italiya, waɗanda suka rage suna zaune a shagon gahawa suna kallon waya. Ana cikin haka, wata ranar Nuwamba, Munji yana tsakar yi wa wani tsoho gyaran fuska sai askar ta faɗi daga hannunsa, shi ma ya bi ta. Shadliya tana kan tsani tana tsinkar zaitun aka zo aka sauko da ita. Ba ta same shi da rai ba.

Najat ta ce, "Ummi, ki tattara ki dawo wurina. Me ya rage miki a nan?"

Ta ce, "Idan na fita takaba zan duba."

Da ta fita takaba, ruwa ta koma.

Kakar da ta cika shekara sittin da uku, mutum biyar suka zo gayyarta, ƙaraminsu ya haura hamsin. Ita da kanta ta sari rassan, don mai hawa dabinon ƙauyen ya tafi. Kwana huɗu suka yi suna kafawa, suka tsaya a rabin tsawon da ubanta ke yi. Bulbaba ya dafa ƙugu ya dubi aikin, ya ce, "Wannan ai ba shinge ba ne, tsintsiya ce aka soke a ruwa." Ta ce, "Da bakinka ake kafawa da mun kai Safakis." Suka yi dariya, amma ba mai yawa ba.

Sati biyu bayan haka iskar gabas ta taso, ta kwana uku tana bugawa, ba wanda ya fita. Rana ta huɗu gari ya waye tsit, teku ya kwanta kamar mai a faranti. Shadliya ta karya da burodin sha'ir da man zaitun, ta fita hantsi na fitowa don ta ga ɓarnar da aka yi mata. Tun daga nesa ta hango tsuntsaye sun taru a kan ɗakin farko, ta kuma ga wani abu mai launin ja da rawaya yana lilo a jikin shinge. Ta ɗauka tamfol ne iska ta kawo. Har ta fara ƙunƙuni a kan masu zubar da shara a ruwa. Sai da ta matsa ta ga ƙafa.

Mace ce, baƙa, ba za ta wuce shekarun Najat lokacin da ta gama makaranta ba. Kitsonta ƙanana ne, an yi su da kyau, ko ɗaya bai warware ba. Takalmin roba ɗaya na ƙafarta. Ruwa ya bi da ita jikin shinge yadda yake bi da kifi, ya ajiye ta a ƙofar ɗaki. Shadliya ta yi salati, ta dira cikin ruwa, ta kori tsuntsayen, ta juyo ta a hankali. A nan ta ga zanen. An ɗaure shi tam a ƙirji, ƙulli biyu, ta baya kuma ya yi jaka, ya saki. Ta sha ganin matan nan masu jiran ƙetarawa Italiya a bakin kasuwar Safakis, da 'ya'yansu goye a baya cikin irin wannan ɗaurin. Ta zura hannu cikin zanen. Babu komai.

Ta ƙwala wa Bulbaba kira da muryar da bai taɓa ji daga bakinta ba. Ya zo yana tuƙi da sauri, ya duba, ya cire hularsa. Su biyu suka ɗaga ta zuwa cikin kwale-kwalen Shadliya. Ta cire mayafinta ta rufe ta. Shi ya buga wa masu tsaron ruwa waya.

Ta ce, "Akwai yaro."

Ya ce, "Wane yaro?"

"Dubi ɗaurin. Goyo ne."

"Wataƙila kayanta ta ƙulle a ciki, 'yar Rayis. Suna yin haka."

Ta koma cikin ruwa, ta shiga ɗakin farko tana lalube da ƙafa da hannu, ta shiga na biyu, ta ɗaga kwanduna ɗaya bayan ɗaya tana zazzage su, kifi na zubewa yana komawa teku ba ta ko kalle shi ba. Da ba ta ga komai ba sai ta fara bin shinge. Duk inda ciyawa ta taru a gindin rassa sai ta tumɓuke su ta duba. Bulbaba yana cewa, "Haba, Shadliya! Aikin kwana huɗu fa kike rushewa!" Tun da suke bai taɓa kiran sunanta gatsau ba sai ranar. Ta ci gaba da tumɓuka.

Masu tsaron ruwa suka iso wajen azahar. Babbansu mutum ne mai ladabi, idanunsa duk gajiya. Ya ce jirgin masu ƙetarawa ne ya kife a daren farko na iskar, tun jiya suke tsintar mutane. Ta tambaye shi ko an ga jariri. Ya ce bai sani ba. Ta ce to su bar mata yarinyar ta kai ta gida, ta yi mata wanka da hannunta, akwai likkafanin da ta saya wa kanta, akwai kuma wuri kusa da Munji.

Ya ce, "Halti," wato inna, "Allah Ya saka miki. Amma doka ce, sai an kai ta Safakis likita ya gani, a ɗauki abin da za a gane ta da shi ko danginta za su nema."

"Ba ku san ko sunanta ba."

"Ba mu sani ba, Halti."

Suka tafi da ita, har da mayafin. Shadliya ta ci gaba da nema har ruwa ya ciko ya kai mata wuya, sannan Bulbaba ya kamo ta ta ƙarfi ya jefa cikin kwale-kwale. Washegari ta dawo, jibi ma haka. Ta bi gaɓa da ƙafa tun daga ƙauyensu har bayan wata tsohuwar hasumiya, tana tona tarin ciyawar da teku ya tofar. Ta sami gorar ruwa, ta sami rigar wani, ta sami jaka da ruwa ya cinye takardun ciki. Yaro dai ba ta gan shi ba.

Ba ita ce farkon wanda ya tsinci mutum a ruwan nan ba. Bulbaba ma ya faɗa mata bara mutum biyu ya ciro a komarsa, ya yi musu addu'a, washegari ya koma aiki, don ciki ba ya jira. Ta ce ta sani. Amma ranar da ta dafa kifi ta kai loma baki, sai ta kasa ci. Ta ajiye cokali. Tun daga ranar kifi bai sake wuce wuyanta ba, ita da aka yaye da romonsa. Ta koma burodi da zaitun da busasshen ɓaure, ta rame har zoben aurenta ya fara zamewa.

Bayan an gama zaitun ta shiga jirgin fito ta je Safakis, ta ce wa Najat ta raka ta maƙabartar da ake binne mutanen ruwa. Suka hau mota biyu, suka ƙarasa da ƙafa. Mai gadin wurin ya tambayi ranar, ya kai su wani layi a can ƙarshe, inda ƙasa ba ta gama kwanciya ba. Ba suna a kan ko ɗaya, lamba ce kawai da kwanan wata. Ya ce na wancan satin tara ne, huɗu mata, amma wace ce wace, sai dai a ofis. Ta tambaye shi ko akwai ƙaramin kabari a ciki. Ya ce a wannan layin babu.

Najat ta ce, "Ummi, mu je ofis ɗin gobe, na san wata a can."

Ta ce, "Bar shi."

Ta karɓi bokiti a wurin mai gadi, ta ɗebo ruwa sau huɗu, ta yayyafa wa kowane kabari, ta karanta Fatiha a kan kowanne. Najat ta ce, "Ba mu ma san ko Musulma ce ba." Shadliya ta ce, "Wanda ya halicce ta ya sani." Kwana ɗaya ta yi ta koma tsibiri.

Lokacin sanyin nan ba ta gyara shinge ba. Abin da ya rage iska ta kwashe. Da kaka ta zagayo, sai ga Bulbaba a ƙofar gidanta da amalanke cike da rassan da ya sara daga nasa dabinon, yana ɗingishi yana masifa.

"Fito, tsohuwa. Gonarki ta zama hanyar kowa. Jiya wani ɗan banza ya bi ta ciki da inji, ina ihu yana ɗaga min hannu."

Ta fito, ta bi shi. Suka loda rassan, suka tuƙa har kan iyakarta. Shi ya dira, ya miƙo hannu ta ba shi reshen farko, ya kafa. Ya ce ta sauko ta ja layi. Ta ɗora ƙafa a bakin kwale-kwale, ta dubi ruwan. Garau yake, tana ganin laka da ciyawa da ƙananan kifi. Ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da ƙafar ciki ta zauna.

Ta ce, "Si Bulbaba, mai da ni gida."

Bai tsokane ta ba. Ya zare reshen da ya kafa, ya hau, suka juyo.

A satin ta fito da gwangwanin takarda ta aika wa ɗan yayarta da ke Safakis, ta ce gadonsu ne, ya san yadda zai yi da shi. Shi kuma ya ba wani mutumin Ramla, wanda ya kafa bututun roba da raga a wurin, abin da ba a cirewa rani da sanyi. Ita ta koma tudu. Tana tsinkar zaitun a gonakin mutane, tana shanya ɓaure, tana saƙa wa Bulbaba kwanduna da zaren dabino, don har yanzu ba mai saƙar da ta kai tata ƙarfi. Duk Juma'a yakan kawo mata kifi a leda, ya san ba za ta ci ba, ita kuma ta karɓa ta yi godiya, ta miƙa wa maƙwabta ta kan katanga.

Haka suka yi shekara uku. A ta huɗun, ana saura kwana kaɗan a fara sarar rassa, Bulbaba ya kwanta ciwon ƙirji, sati bai zagayo ba ya cika. Shekarar ba a yi gayya a Aulad Yanig ba, don ba wanda zai kira ta. Shadliya ce ta tsaya a kan tukunyar masu zaman makoki, ta dafa kuskus da karnit na mutum sittin ba tare da ta ɗanɗana ba. Wata mata ta ce gishiri bai ji ba. Ta ce, "Ga shi nan a kwano, kowa ya ƙara."

Bayan sadakar arba'in Najat ta zo da mijinta da mota. Ta ce sanyin bana kawai, idan gari ya yi ɗumi za su dawo da ita. Shadliya ba ta yi gardama ba. Ta rufe tagogi, ta kwance akuyarta ta kai wa matar Bulbaba, ta ba ta makullin gida. Yanzu tana hawa na uku a wani bene kusa da tashar mota a Safakis, tana tsince wa Najat wake, tana jiran jikoki su taso daga makaranta. Gwiwa ta hana ta saukowa sai da dalili. Sanyi biyu ke nan ya wuce, ba a yi maganar komawa ba, ita ma ba ta tayar ba.